Taswirar Mashigi, Ƙasar da Ba a Tare Koginta Ba

Yayana ne ya fara, ni bin sa kawai na yi. Garinmu yana gefen dam ɗin Tiga ta ɓangaren Bebeji, cikin garuruwan da aka zaunar da mutane lokacin da ruwa ya ci ƙauyukansu. Mu a bakin tafkin muka buɗe ido, ba mu san wani abu kafinsa ba. Babanmu da rani yana noman albasa da tumatir, sauran lokaci kuma yana kan kwalekwale da komarsa. In manya suka zauna hira suka ce "can gida", sai su nuna tsakiyar ruwa da haɓa, mu kuwa mu duba mu ga ba komai sai ruwa da balbelu.

A ofishin hedimastan makarantarmu akwai wata tsohuwar taswira a rataye, gefenta duk gara ta ɗanɗana. Yaya ne mai share ofishin, kuma ba ya fitowa da wuri. Ashe tsayawa yake da tsintsiya a hannu yana kallon ta. In mun dawo gida sai ya zana abin da ya riƙe a ƙasa, gobe ya koma ya duba inda ya yi kuskure.

Wata ranar Asabar muna wanki a bakin ruwa, ya ajiye rigar da yake cuɗawa ya ce mini, "Da ba a tare kogin nan ba, ka san ta ina zai bi?"

Na ce ban sani ba.

Ya tsinko kara ya ja layi a kan jiƙaƙƙen yashi, layi mai lanƙwasa, ya ce, "Ta nan. Kuma duk wannan ruwan da kake gani gonaki ne, da garuruwa, da hanyar jakai." Ya ɗiga ɗigo nan, ya ɗiga can. Na tsaya ina duban yashin, in ɗaga kai in dubi tafkin, in sake duban yashin. Ban taɓa tunanin cewa abin da yake nan zai iya zama ba ya nan ba. Wankin nan sai da Inna ta aiko aka kira mu.

Daga ranar muka koma takarda. Takardar cikin buhun siminti muke samu a wurin magina, mu kakkaɓe ta, Yaya ya goge ta da dutsen guga har ta kwanta. Tawadar allo ce baƙinmu. Koguna da bular wankin Inna muke ja, hanyoyi da jar ƙasa da muka jiƙa da ƙaro, daji kuwa ganyen wake muke murzawa, wanda in ya bushe sai ya koma kalar ƙasa, mu sake murza wani. Ƙasar muka sa mata suna Mashigi, saboda babban birninta mun kafa shi ne a inda tsofaffi suka ce nan ne ake haye kogin da rani, inda yanzu masunta ke cewa ya fi ko'ina zurfi.

Yaya mutum ne mai doka. Ba a kafa gari sai an nuna inda zai sha ruwa. Ba a kafa kasuwa sai hanya biyu sun haɗu. Kogi ba ya hawa tudu ko da Mashigi ce. Ni kuwa abin da nake so ganuwa ce da ƙofofi, in zauna in yi ta ƙawata su, in ba kowace ƙofa suna. Sau da yawa nakan gama gari kyakkyawa ya zo ya dube shi ya ce, "Mutanen nan naka ƙishirwa za ta kashe su," sai in koma in haƙa musu rijiya. Wuraren ƙauyukan da ruwa ya ci kuwa daga bakin tsofaffi ya tattara su. Yakan tsuguna a gefen majalisarsu bayan la'asar, ba ya tambaya, sauraro kawai yake, in wani ya ce daga garinsu zuwa gari kaza hantsi bai gama ɗagawa ba ka isa, sai ya zo ya auna da ɗan yatsa ya ɗiga.

Innarmu ba ta faɗar sunan Yaya, don ɗan fari ne. Ko da shi take magana, ta kaina take biyowa. Wata rana da hantsi mun shimfiɗa taswirar a tsakar gida mun danne gefunan da duwatsu, ita kuma tana tsintar shinkafa a faifai, ta ce mini, "Kai, tambayi yayanka, wane zane ne wannan da kuke ƙarar mini da bula a kansa?"

Yaya ya yi mata bayani, kansa a ƙasa. Ta ajiye faifan, ta goge hannu a zani, ta zo ta durƙusa.

Ta ce, "Ina gabas?"

Ya nuna mata. Ta kama takardar ta juya ta har gabas ɗin takarda ya dubi gabas na gaske. Sannan ta ɗora ɗan yatsa a kan shuɗin layin ta bi shi a hankali, kamar mai bin ɗinki. Ta tsaya a wani ɗigo.

"Nan garinmu ne."

Na ce, "Shi ne, Inna."

"Garin su babanku fa?"

Yaya ya nuna wani ɗigon, can ƙetaren kogi, ƙasa sosai. Ta daɗe tana duban tsakanin ɗigon biyu. Kaji suka zo kan shinkafarta ba ta ko kore su ba, ni na tashi na kora.

Can ta ce, "To ai a ƙasar nan taku, ku ba ku."

Na ce, "Kamar yaya, Inna?"

Ta ce, "Mu da su ba mu taɓa cin kasuwa ɗaya ba. Ba aure tsakaninmu, ba zumunci, ko sunan garinsu sai jefi-jefi nake ji. Da aka tashe mu, motar da ta kwaso mu da wadda ta kwaso su a fili ɗaya suka juye mu. Rijiya ɗaya aka haƙa mana. A bakin rijiyar nan babanku ya fara ganina, gugana ya faɗa ya ciro mini." Ta miƙe ta ɗauki faifanta. "In ba a tare kogi ba, ina can, yana can."

Ba ta faɗa da wani nauyi ba, yadda za ta ce gishiri ya ƙare haka ta faɗa. Amma ni sai na ji tsakar gidan ta yi mini wani iri. Na dubi hannuna da tawada ta ɓata, na dubi Yaya. Shi ma ni yake kallo. Mun yi wata da watanni muna gina ƙasa, mun haƙa wa kowa rijiya, ashe mu ba mu da ko tabarma a cikinta.

Yaya bai haƙura ba. Ya yi kwanaki yana neman dabara, daga ƙarshe ya gina gada a tsakanin garuruwan biyu, ya karkato da hanyar fatake ta bi ta kanta, ya kafa kasuwa a gindin gadar. Da yamma Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana ɗinke komarsa, Yaya ya kai masa ya nuna.

"Baba, da akwai kasuwa a nan, za ku zo?"

Baba ya duba ta saman koma ya ce, "A ƙetare take ko a namu ɓangaren?"

"A ƙetare. Amma ga gada."

Baba ya yi dariya har zaren ya kuɓuce masa. Ya ce, "Ni a wancan lokacin ko rafi ya kawo mini gwiwa ba na shiga. Gada kuma in hau in ga ruwa yana gudu a ƙarƙashina? Sai dai a ɗaure ni a kan jaki." Wannan mutumin da yake wuni a tsakiyar tafki shi kaɗai, wanda na sha ganin ya faɗa ruwa ya daɗe kafin ya ɓullo.

Yaya ya ce to zai mayar da kasuwar ɓangaren su Baba. Inna daga madafa ta ce mini, "Gaya wa yayanka ko ya mayar, ni ba a aikena kasuwa. Yayata ake aika."

Baba ya ce, "Ka ji. Da yayarta zan gani."

Suka yi ta dariya su biyu, irin dariyar da ba mu cika ji daga gare su a gabanmu ba. Yaya ya naɗe takardarsa. Gadar dai ya bar ta, tana nan har yau a kowace taswira da muka sake, amma bai ƙara ƙoƙarin haɗa su ba. Ni kuwa na daɗe in na je bakin ruwa ina tsayawa. Ruwan da ya rufe kaburburan kakannina, wanda tsofaffi ke ambata da ajiyar zuciya, shi ne kuma ya kawo ni duniya. Kaina na yaro bai iya ɗaukar biyun a lokaci guda ba, kuma in gaskiya zan faɗa, na yanzu ma da ƙyar yake ɗauka.

Muka girma, Mashigi ta girma tare da mu. Na yi sakandare a Kiru, na zama malamin firamare a Tudun Wada. Yaya ya karanci aikin gona, aka tura shi Doguwa malamin gona. Muka bar takardar siminti muka koma farin kwali da fensir masu launi. Tarihin ma muka ƙara komawa baya muka canza shi. A Mashigi, kuzar Riruwai mutanen garin ne suka ci gaba da narka ta da kansu, har suka kai ga ƙera tukwane da fitilu da ake zuwa saye daga nesa. Su suka shimfiɗa layin dogo daga gindin duwatsu, ya ratsa daji ya sauko Tudun Wada, ya shiga babban birni, ya wuce Kiru. Ƙauyen Ba'awa ya zama kasuwar hatsi mai rumbuna jere kamar gari. Muka raba aiki, arewa tawa, kudu tasa. In ɗaya ya yi sabon abu sai ya ɗauki hoto ya tura wa ɗaya ta waya. Matata takan leƙo ta ganni a durƙushe a kan kwali ta ce, "Yau kuma wane gari aka ci?" ta wuce.

Rigimar da ta kai mu kan dutse ni na jawo ta. Ina so jiragen ruwan Mashigi su kai teku, koginmu kuwa arewa ya nufa, ba ruwansa da teku. Sai na shiga yankin Yaya ba sallama, na ja wani kogi daga duwatsun Riruwai ya gangara kudu. Na tura masa hoton. Ko shayin da ke gabana ban shanye ba ya kira.

"Kogin nan naka, daga ina ya sami ruwa?"

"Daga dutsen da namu ya samu."

"Dutse ɗaya, kogi biyu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya?"

Na ce, "Ai haka littafi ya ce ana yi."

Ya ce, "Na sani. Har an gaya mini a nan kusa da mu akwai irinsa. Amma ban gani ba. Shekara da shekaru ina zagaya gindin duwatsun nan a kan babur, ban taɓa hawa ba. In an yi hutu ka zo mu je. In mun gani na bar maka koginka."

Hutun ya faɗo a tsakiyar damina. Na naɗe taswirar a leda na shiga mota, muka ratsa dajin Falgore, itatuwa sun yi duhu har sun kusa haɗe kai a saman titi. Na kwana a gidan Yaya, da sassafe ya goya ni a babur muka kama hanyar Riruwai. Inda taɓo ya yi yawa in sauka in tura. Duwatsun da nake zanawa kamar ƙananan tulin gyaɗa suka fara tasowa a gabanmu, kowane lanƙwasa muka yi sai su ƙara tsawo.

A Riruwai muka sauka a gidan wani dattijo, ɗaya daga cikin manoman masarar da Yaya yake zagayawa. Iyayensa daga nesa suka zo neman aikin kuza, shi a nan aka haife shi, da ƙuruciyarsa ya yi wankin kuza a rafi. Gajere ne, ƙafafunsa kamar an sassaƙa su da itacen kirya. Bayan mun gaisa mun sha ruwa, Yaya ya gaya masa abin da ya kawo mu. Na ɗauka zai yi mana kallon marasa aikin yi. Sai ya ce a buɗe taswirar ya gani.

Muka shimfiɗa a zaure. Ya sunkuya ya daɗe a kai.

"Wannan mai kama da tsani fa?"

Na ce, "Layin dogo ne, Baba. Daga nan garin yake tashi."

"Jirgin ƙasa a Riruwai." Ya gyaɗa kai. "Wa ke tuƙa shi?"

Yaya ya ce ba mu sa kowa ba tukuna.

Ya ce, "To ku sa ni. Tun ina yaro nake so in tuƙa abu mai hayaƙi." Ya sa aka kira maƙwabcinsa ya nuna masa inda tashar take, ya ce bayan gidansa ce, don haka maƙwabcin ya fara shirin sayar da shayi. Sannan ya leƙa waje ya dubi sama ya ce mu bar takardar a ɗaki, in za mu hau mu hau yanzu, hadari yana haɗuwa a gabas.

Shi ya shige gaba da sandarsa. Muka bi ta cikin masara, muka wuce wasu tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, kore shar, ba motsi. Daga nan hanya ta miƙe sama. Ciyawa ta kai mini ƙirji, jiƙaƙƙiya, ga ƙamshin ganye da ban san sunansa ba. Wani wurin da hannu da ƙafa muke hawa. Numfashina ya dinga fita da ƙara, dattijon kuwa yana gaba yana ba Yaya labarin tsutsar da ta shiga masararsa bara. Ban ɗaga kai ba sai da na ji ciyawa ta ƙare, tafin hannuna ya sauka a kan falalen dutse mai sanyi.

Na miƙe na juya.

Na yi shekaru ina kallon ƙasa daga sama a kan takarda, har na ɗauka na san yadda take. Ban sani ba. Abin da ya fara kama ni shi ne ba ta da gefe. Duk inda na kai ido sai ta ci gaba, tudu bayan tudu, kore ya koma shuɗi, shuɗi ya koma hayaƙi-hayaƙi, har ta haɗe da sama ban ga wurin haɗin ba. Dajin da muka ratsa jiya yana kwance can arewa kamar baƙin bargo. Ramukan kuza suna ƙyalli ɗaya-ɗaya. Riruwai gaba ɗayanta, da masallacinta da cocinta da rufin kwanonta, da na miƙa hannu sai tafina ya rufe ta. Can ƙasa a wani fili garken shanun Fulani ne, farare ƙanana kamar an watsa wake, suna tafiya amma sai ka daɗe kana kallo kafin ka gane suna tafiya. Inuwar gajimare tana bi ta kan gonaki, ta duhunta wannan ta saki wancan. Shaho yana shawagi, kuma bayansa nake gani, ba cikinsa ba.

Yaya yana gefena, hularsa a hannu. Na ji yana cewa "Subhanallahi" a hankali, yana maimaitawa. Mutumin da ba ya rasa gyaran da zai yi wa kowane zane, ranar bai sami abin gyarawa ba.

Dattijon ya nuna gabas da sanda. Ruwan sama ne yake tahowa, kuma ban taɓa ganin sa haka ba. A gida ruwa saukowa yake a kanka. A nan kuwa daga gefe muke kallonsa, ginshiƙai masu launin toka tsaye tsakanin sama da ƙasa, suna takowa a hankali ta kan gonakin mutane, gabansu rana, bayansu rana. Ana iya nuna ƙauyen da yake jiƙewa yanzu da wanda zai jiƙe nan gaba kaɗan, mutanensa ba su ma sani ba, wataƙila wata tana can tana shanya.

Iska ta iso mu da sanyi. Dattijon ya ja mu ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, muka tsuguna. Sai ruwan ya sauka, da ƙara kamar ana zazzage tsakuwa. Duk ƙasar nan da muke kallo ta ɓace, ba ka ganin komai sai fari.

Da ya ɗan tsagaita, dattijon ya taɓa gwiwar Yaya ya ce, "Malam, ga abin da kuka zo nema."

A gabanmu falalen ya yi ɗan doro, bai fi bayan saniya ba. Ruwa yana sauka a kan doron yana rabuwa. Wani ya silale hagu ya taru a wata tsaga, wani ya silale dama ya bi tasa tsagar. Shi ke nan. Ba wata alama, ba wani abu da zai sa mai wucewa ya tsaya.

Dattijon ya ce, "Na wannan hannun rafin bayan gari yake faɗawa, shi ne yake tafiya wajenku. Na wancan hannun kuwa ƙasar Kaduna ya nufa, ba ya dawowa."

Yaya ya fita cikin yayyafin ya durƙusa a gaban doron. Na bi shi. Ya nuna hagu ya ce, "Wannan zai ratsa daji, ya shiga tafkinmu, ya wuce ƙarƙashin kwalekwalen Baba. In bai ƙare a gonar wani ba, har tafkin Chadi." Ya nuna dama. "Wannan kuma sai kogin Kwara, sai teku." Muryarsa ta yi ƙasa kamar mai magana a masallaci.

Sai ya kwantar da gefen hannunsa a kan dutsen, ya tare wani siririn ruwa da ke gangarawa hagu. Ruwan ya taru a jikin hannunsa, ya yi ɗan jinkiri, ya juya ya bi dama. Muka bi shi da ido har ya shige tsaga.

Ya ce, "Na aika shi teku."

Ya ɗauke hannun, ruwan ya koma hanyarsa. Na sa nawa hannun ni ma. Sanyinsa ya ratsa ni har kafaɗa. Muna nan durƙushe, manyan mutane biyu masu iyali, riguna sun manne mana a jiki, muna juya ruwa hagu da dama, dattijon yana daga cikin rumfa yana mana dariya. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san da muka miƙe gwiwoyina sun sage, gari ya washe, ƙasar ta sake fitowa a wanke, ko'ina ƙananan rafuka suna walƙiya waɗanda ɗazu babu su.

A hanyar saukowa na ce masa, "To, kogina fa?"

Ya ce, "Na bar maka. Amma ba ta inda ka ja shi zai bi ba."

"Ta ina zai bi?"

"Ban sani ba. Shi za mu tambaya."

Ban gane nufinsa ba sai bayan kaka, da ya kira ni ya ce in zo Doguwa in ga wani abu. Na tarar ya share bayan gidansa, inda matarsa take shuka kuɓewa, ya sa an kawo masa yumɓu da tsakuwa a amalanke. Ya gina kudancin Mashigi a ƙasa. Duwatsun Riruwai sun kawo mini gwiwa, da kwaruruwansu da doronsu, ƙasar tana gangarowa a hankali har bakin katanga. Garuruwa ya yi su da ƙwallon goruba, layin dogo da tsinken tsintsiya. Kogi ko ɗaya bai ja ba.

Ya miƙo mini gwangwanin da ya huhhuda gindinsa, ya ɗauki bokiti. Ya ce, "Riƙe shi sama da dutsen. Kai ne hadari."

Na riƙe, ya zuba. Ruwa ya sauko a kan yumɓun, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya fara neman hanya. Wani ya yi arewa, ya bi kusan inda muka saba ja. Wani ya yi kudu, amma bai bi inda na zana ba ko kusa. Ya lanƙwasa yamma, ya haƙa wa kansa kwari, ya kwashe wani gari da na yi shekaru ina ƙawata ƙofofinsa tun kafin mu raba aiki, ya tafi da ƙwallon gorubar har gindin katanga. Maƙwabta da suka leƙo ta saman katanga suka yi ta salati suna dariya. Yaya yana tsugune da fensir da kwali a cinya, yana kwafe duk lanƙwasar da ruwan ya yi.

Na ce, "Garina fa?"

Bai ɗago ba ya ce, "A kan hanyar ruwa ka gina shi. Ka nemar musu tudu."

Haka muke yi yanzu. Duk ƙarshen wata in na sami sarari nakan shiga motar Doguwa. Matarsa ta haƙura da kuɓewar, sai dai ta ce ba za ta iya hana kajinta tonon ginin ba, don haka ya kewaye shi da ƙaya. Dattijon Riruwai ya zo sau ɗaya a bayan babur ɗin ɗansa, ya zagaya ginin da sandarsa, ya tabbatar tashar jirgi tana bayan gidansa, ya ci tuwo ya koma. Bana Yaya ya ce ba zai rufe ginin da leda ba in damina ta faɗi. Yana so ruwan sama na gaske ya sauka a kai, mu ga abin da zai yi. Na roƙe shi in ya ga hadarin farko ya haɗu ya kira ni, ko ina cikin aji ne.